Ina Zafin Ya Tafi? Taimaka wa Ɗalibi a Kan Mas'alar Daskarewar Ruwa a Ƙasashen Batsari da Safana

 Ya shugaban wannan zama, malamaina da suka riga ni riƙe alli, da 'yan'uwana masu karantar da kimiyya, abin da na zo da shi gabanku mas'ala ce guda ɗaya tak daga babin zafi na fannin fiziks, wadda ake ba ɗaliban babbar sakandare su tafi da ita gida, kuma irinta ce suke cin karo da ita a jarrabawar WAEC da ta NECO. Ga yadda takan zo: an ba ka ruwa mai nauyi kaza, zafinsa digiri kaza, to, nawa ne adadin zafin da za a cire daga jikinsa kafin ya zama ƙanƙara? Wanda ya san ta zai ga ba ta kai a tara malamai dominta ba, amma ni a ganina duk wanda ya lura da inda yara suke tuntuɓe a cikinta, ya kuma lura da irin taimakon da ake yi musu a gida idan sun tuntuɓe, to ya ga babban sashe na illar da ke damun karatun kimiyya a yankinmu.

Wajibi ne in fara da bayyana dalilin da ya sa na jingina maganar ga aikin gida, na kuma jingina ta ga Batsari da Safana. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin Dajin Rugu, kuma babu wanda ke cikin wannan zaure da bai san abin da maƙwabtaka da dajin nan ta jawo wa mutanen Ruma da Wagini da Runka da Zakka da ƙauyukan da ke kewaye da su ba. Bayan sace ɗaliban Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin da ke bakin daga, har da waɗannan biyu, bayan an riga an hana sayar da man fetur a jarka. Sakamakon wannan duka shi ne, sa'o'in da yaro yake yi a gaban malaminsa sun ragu, nauyin karatu ya koma tsakar gida, ya faɗa a kan wani yaya da ya gama sakandare, ko wata yaya da ke hutu daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ko malamin lesin na unguwa, ko kuwa waya idan akwai sabis da caji. Waɗannan su ne malaman fiziks na haƙiƙa ga yara da yawa a yau, alhali kuwa ba mu taɓa zama mun yi shawarar yadda za su yi wannan aiki ba.

Ruɗani na farko

Tushen wahalar ba a lissafi yake ba, yana cikin surar da yaro ya riga ya yi wa al'amarin a zuciyarsa tun kafin ya shiga aji. Shi a wurinsa firiza na'ura ce da ke ƙera sanyi ta zuba wa ruwa, har ruwan ya cika da sanyi ya sandare. Idan aka zo aka ce masa ya lissafa zafin da aka cire, sai maganar ta zo masa a juye, ya haddace ƙa'idar domin malam ya ce a haddace, amma zuciyarsa ba ta sallama ba. Abin da kimiyya ta tabbatar kuwa shi ne, sanyi ba wani abu ne mai zaman kansa da ake ƙarawa ba, ƙarancin zafi ne kurum, kuma ruwa ba ya daskarewa sai an fitar da zafi daga cikinsa an kai shi wani wuri dabam. Hujjar wannan tana nan a shagon duk mai sayar da ruwan sanyi a cikin garin Batsari ko Safana: a sa yaro ya kai tafin hannunsa jikin firiza daga waje, ko kusa da baƙaƙen wayoyin nan da ke bayan tsohon firji, a lokacin da injin yake ruri, zai ji ɗumi har ya janye hannu. Wannan ɗumin da ya ji, zafin ruwan da ke ciki ne aka kwaso aka watsar a ɗaki, tare da ƙarin zafin da aikin injin ya haifar. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya taɓa jikin firiza sau ɗaya da wannan tambaya a ransa, da wuya ya sake cewa ana zuba sanyi.

Daga nan sai ya tambaya, ko kuma a jawo shi ya tambaya, me ya sa sai da wutar lantarki? Amsar ita ce ƙa'idar da Rudolf Clausius, masanin Jamus, ya tsara a 1850, cewa zafi da kansa daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa abu mai sanyi, ba ya komawa baya sai an yi masa aiki. Misalinsa kamar ruwan rijiya ne, wanda idan ya zube daga baki yakan koma ƙasa ba da taimakon kowa ba, amma fito da shi sai da guga da igiya da ƙarfin damtse. Kwamfaresar firiza ita ke wannan jan, tana matse gas ya zama ruwa-ruwa ya saki zafinsa a waje, sannan a sake shi a cikin bututun da ke kewaye da akwatin ya koma gas, ya sha zafin abin da ke ciki. Jacob Perkins ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1834, Carl von Linde kuma ya inganta ta a Jamus a cikin shekarun 1870, kuma har yau asalinta bai sauya ba, ko da wutar nepa take aiki, ko da janareta, ko da sola.

Akwai wata ƙofa da nake ganin mun yi sakaci da ita. Yaranmu da yawa sun fara jin labarin ƙanƙara a matsayin mas'alar ilimi ne a makarantar Islamiyya ko a zaure, a babin tsarki, inda malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, suka hukunta cewa ruwan da ya daskare sannan ya narke yana nan a matsayinsa na ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Dalilin hukuncin a bayyane yake, wato babu wani baƙon abu da ya shiga cikinsa ya jirkita shi. Mai taimakon ɗalibi yana iya tsayawa a kan wannan sanin da yaro ya riga ya yarda da shi, ya ce masa: ruwan nan shi ne dai ruwan, nauyinsa bai ƙaru ba bai ragu ba, abin da ya fita daga cikinsa zafi ne, kuma shi za mu ƙidaya.

Zango uku na tafiyar

Bari mu ɗauki misalin da ke hannun kowa, wato ledar fiya wata guda, mai rabin lita, nauyin ruwanta rabin kilo. A ce ta yini a shago zafinta ya kai digiri 30, ana so ta zama ƙanƙara mai digiri 10 ƙasa da sifiri. Abin da nake yawan gani a littafin aikin yara, kuma na tabbata kun sha ganinsa, layi ne guda ɗaya mai tsabta, an ja masa layi biyu a ƙasa da biro: 0.5 sau 4,200 sau 40, amsa jul 84,000. Yaron ya yi tunani, bai yi shirme ba. Ya san cewa kilo ɗaya na ruwa yana sakin zafi jul 4,200 duk lokacin da ya sauka da digiri ɗaya, ya kuma ƙirga daidai cewa daga 30 zuwa 10 ƙasa da sifiri digiri 40 ne, abin da yara da yawa ma suke kasawa su rubuta 20. Amma amsar tasa ba ta wuce sulusin gaskiya ba sai da kaɗan, domin ya ɗauki tafiyar miƙaƙƙiya ce, alhali zango uku gare ta, kowane da hukuncinsa.

Zango na farko, ruwa yana nan ruwa, yana sauka daga digiri 30 zuwa sifiri: 0.5 sau 4,200 sau 30, jul 63,000 ke nan. Zango na uku, wanda na gabato da shi domin sauƙinsa, ƙanƙara ce ta riga ta ƙulla tana ƙara sanyi daga sifiri zuwa 10 ƙasa da shi, kuma ita ƙanƙara jul 2,100 kawai take saki a kowane kilo a kowane digiri, rabin na ruwa, saboda haka 0.5 sau 2,100 sau 10, jul 10,500. Zango na tsakiya shi ne zuciyar mas'alar, kuma shi ne wanda ake tsallakewa. A nan ruwa ya iso sifiri ya tsaya cik, tamomita ba ta motsi, injin yana ta aiki, zafi yana ta fita, amma duk abin da ke faruwa shi ne ruwa yana juyewa ƙanƙara kaɗan-kaɗan, kuma ba za a ga lamba ta sauka ba sai ɗigon ƙarshe ya daskare. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar a cire masa kimanin jul 334,000 kafin ya ƙetare wannan zango, rabin kilo kuwa jul 167,000. Idan aka tara, 63,000 da 167,000 da 10,500, jimla jul 240,500, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wannan adadi ya fita ne a lokacin da tamomita take nuna kamar babu abin da ke faruwa. Wasu littattafai da takardun jarrabawa suna ba da 336,000 maimakon 334,000, kuma nasihar da za a yi wa ɗalibi ita ce ya yi aiki da adadin da tambaya ta ba shi.

Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma wanda ya fara warware shi shi ne Joseph Black, malamin jami'ar Gilasgo a ƙasar Sikotland, a wajajen 1761 zuwa 1762. Yadda ya gano shi ya cancanci a ba yara labarinsa, domin bai yi amfani da komai ba sai kofuna da tamomita da agogo da haƙuri. Ya ajiye kofi biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya da ruwa mai sanyin da ya kusa daskarewa, ɗaya da ƙanƙara mai nauyi daidai da shi. Cikin rabin sa'a ruwan ya ɗumama da 'yan digirori, ita kuwa ƙanƙara sai da ta ɗauki wajen sa'a goma da rabi kafin ta narke ta iso kusan wannan matsayi, alhali iska ɗaya ce take ba su zafi. Sai ya yi ƙiyasi ya ce lalle duk wannan zafin ya shiga ƙanƙarar, ya ɓuya, bai bayyana a tamomita ba. Ya kuma lura cewa da ba don haka ba, da dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun ƙasarsu ta narke a lokaci guda da zarar bazararsu ta shigo, ambaliya ta share garuruwa. Idan muka raba 334,000 da 4,200 za mu sami kusan 80, ma'ana zafin da ke narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, ba tare da ya ɗaga ta ko da digiri ɗaya ba, ya isa ya ɗauki kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80, ya kusa tafasa. Ban san wata lamba a babin nan da ta fi wannan sa yara su yi shiru su yi tunani ba.

Dalilin ɓuyar tasa kuwa yana cikin baɗinin ruwan. Ƙwayoyin ruwa ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, suna yawo ne suna goga juna muddin ruwa yana ruwa, kuma tamomita saurin motsinsu take aunawa. A lokacin daskarewa kowace ƙwaya tana kama 'yan'uwanta huɗu ta tsaya a wuri ɗaya cikin tsari mai kusurwa shida, kuma kowane kamu yana sakin wani kaso na ƙarfi a matsayin zafi. Muddin ba a kwashe wannan zafin ba, kamun ba zai ci gaba ba. Tsarin nan yana da sarari a cikinsa fiye da yadda ƙwayoyin suke a ruwa, shi ya sa ƙanƙara take kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, take fasa kwalbar da aka cika maƙil, take kuma taso kan ruwa maimakon ta nutse.

Abin da mai ƙanƙara ya sani

Yanzu ina so in nuna cewa wannan lissafi ba baƙo ba ne a garuruwanmu, mu ne muka mai da shi baƙo. Jakar fiya wata leda 20 ce, kilo 10 ke nan, saboda haka a ninka abin da muka samu sau 20: jul 1,260,000 a zangon farko, 3,340,000 a na biyu, 210,000 a na uku, jimla 4,810,000. Mu ƙaddara, domin misali, cewa firiza tana iya fitar da jul 150 a kowace daƙiƙa. Zangon farko zai ci daƙiƙa 8,400, wato sa'a 2 da minti 20. Zango na biyu zai ci sa'a 6 da 'yan mintoci. Na uku bai kai rabin sa'a ba. Duka-duka kusan sa'a 9, kuma wannan jaka ɗaya ce, a firizar da ba a buɗe ta ba, wadda zafin ɗaki bai kutsa mata ba.

To, a je a tambayi duk matar da ke sana'ar ƙanƙara a cikin gida, wadda ba ta taɓa jin sunan Joseph Black ba, za ta faɗi wannan sakamakon da bakinta. Za ta ce idan an kawo wuta sa'a uku aka ɗauke, ruwa yakan yi sanyi ƙarara amma bai kama ba. Za ta ce sai wuta ta kwana sannan ake samun ta yi dutse. Idan ta ɗaga murfi da asuba bayan wutar da ba ta kwana ba, ta ɗauko leda ta matsa da yatsa, sai ɓawon da ya daskare a waje ya fashe da 'yar ƙara, ruwan da ke tsakiya ya yi motsi, ta mayar ta rufe, domin ta san wannan ba za ta kai kasuwa ba. Abin da ke hannunta a wannan lokaci zango na biyu ne da bai ƙare ba, kuma da za a soka tamomita a tsakiyar ledar, sifiri za ta nuna. Ɗanta kuwa yana ɗaki da littafinsa, ya rubuta 84,000, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da mahaifiyarsa take fama da shi da abin da malam ya ba shi mas'ala ɗaya ce. Wannan rabuwar tana ba ni takaici ƙwarai, domin ba rashin kayan gwaji ne ya jawo ta ba.

Haka al'amarin yake idan aka juya shi. A shekarun 2021 zuwa 2024 azumin Ramadan ya faɗo cikin watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a ƙasar Katsina yakan kai digiri 40, kuma kowa ya ga yadda ake rububin ƙanƙara bayan la'asar, ana ɗauko ta a kan babur cikin kula ko cikin buhun algarara da ɓuntu. Me ya sa mai zoɓo yake biyan kuɗin ƙanƙara, ba ya wadatuwa da ruwan sanyi? A ba ɗalibi ya lissafa, yana ɗaukar zoɓo a matsayin ruwa. Lita 10 mai digiri 35, idan aka zuba mata kilo ɗaya na ruwa mai digiri sifiri, za ta sauka zuwa kusan digiri 32 kurum. Idan kuwa kilo ɗaya na ƙanƙara mai digiri sifiri aka jefa, sai ta fara karɓar jul 334,000 daga zoɓon kafin ma ta zama ruwa, sakamakon ya zama kusan digiri 24 da rabi. Nauyi ɗaya, digiri ɗaya, amma ɗaya ta rage digiri 3, ɗaya ta rage fiye da 10. Buhu da ɓuntun kuma ba sanyi suke ba ta ba, iskar da ke maƙale a tsakaninsu ce take hana zafin waje saurin isa gare ta, kuma da irin wannan dabara, da garin katako, Frederic Tudor ya kai ƙanƙara daga Boston ta Amurka har Kalkata ta Indiya a jirgin ruwa a 1833.

Ɓoyayyen zafi yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen, wato inda ruwa yake zama tururi, kuma wannan kakanninmu sun mallake shi tun kafin a san wutar lantarki. Randa da tulu suna tsattsafo da ruwa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma kowane kilo da ya bushe yana tafiya da wajen jul 2,400,000. Giram 100 kacal idan ya bushe daga randa mai lita 10, zafin da ya ɗauke ya kai wanda zai sauke ruwan da fiye da digiri 5, shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a busasshiyar iskar rani. A kan wannan asali ne Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Yadda ya kamata taimakon ya kasance

Na dawo ga mai taimako. Mafi yawan abin da ake kira taimako a yau shi ne yaya ya karɓi biro ya yi aikin, ƙane ya kwafe, ko a ɗauki hoton tambayar a tura WhatsApp, ko a ba wata manhaja, amsa ta dawo a shirye. Ba na zargin kowa da mugun nufi, tausayi ne yake sa su, ga gajiya, ga fitilar da cajinta ya kusa ƙarewa. Amma malamanmu na zaure ba haka suka koya mana ba. Almajiri yakan karanta matani da bakinsa, malam ya tsayar da shi a inda ya karkace, ya yi masa sharhin wannan wurin kaɗai, sannan ya ce ya biya. Wannan tsarin shi nake roƙo a mayar wa aikin gida na fiziks. Idan ƙanwa ta kawo 84,000, kada a ce mata ba daidai ba ne a miƙa mata 240,500. A ce mata, ƙanwata, zana mini layin tafiyar ruwan nan, lokaci a kwance, digiri a tsaye. A ina ya zama ƙanƙara? Da ta sa yatsa a kan sifiri, sai a tambaye ta ko nan take yake juyewa, a tuna mata da ledar da ta kama a waje ba ta kama a ciki ba. Ita da kanta za ta ja layin nan shimfiɗaɗɗe, kuma idan ta ja shi, ta riga ta san akwai wani zafi da ba ta ƙidaya ba. Bayan wannan sai ƙananan abubuwan da ke cinye maki: mayar da giram kilo kafin a fara, lura da cewa babu digiri a cikin lissafin zango na biyu, da sauya 4,200 zuwa 2,100 da zarar ruwa ya zama ƙanƙara. Mai taimako ya kuma saba mata da auna amsarta da hankali kafin ta rufe littafi: idan adadin zango na biyu bai fi sauran girma ba a irin wannan tambaya, to akwai inda aka yi kuskure.

Kuma kada a kashe tambayar yaro don ta saɓa wa littafi. A 1963 wani ɗalibin sakandare a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, Erasto Mpemba, ya lura cewa haɗin madararsa mai zafi ya riga na abokansa mai sanyi daskarewa, aka yi masa dariya a aji, har sai da Dakta Denis Osborne na jami'ar Darussalam ya saurare shi, suka buga takarda tare a 1969. Masana suna jayayya a kan al'amarin har yanzu, a 2016 ma wasu a Ingila sun sake gwadawa suka ce ba su sami hujjar da ke tabbatar da shi ba, amma tambayar yaron ta sa an yi shekaru fiye da hamsin ana bincike. A cikin azuzuwan Batsari da Safana akwai masu irin wannan ido. Wani zai ce ya ga kwalbar ruwa ta fito daga firiza tana ruwa, yana buɗe ta ta daskare a hannunsa, kuma gaskiya ya faɗa: ruwa mai tsabta wanda ba a girgiza ba yana iya sauka ƙasa da sifiri bai kama ba, abin da Daniel Fahrenheit ya bayyana tun 1724.

Gwajin da zai tabbatar da duk wannan ba ya buƙatar wuta. A sayi ƙanƙara a farfasa ta, a cakuɗa da gishirin girki, kimanin kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku na ƙanƙara, a cikin roba. Wannan haɗi yana iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifiri. A tsoma ƙaramar kwalba mai ɗan ruwa a ciki da tamomita, yaro ɗaya yana duba agogo, ɗaya yana karanta lamba kowane minti, ɗaya yana rubutawa a allo. Lambobin za su yi ta sauka, su tsaya a wajen sifiri na tsawon lokaci, sannan su ci gaba. Abin da ake buƙata daga waje shi ne tamomitar da ke karanta ƙasa da sifiri, domin ta asibiti ba ta yin wannan aiki. Ina roƙon sassan fiziks da na ilimi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011 kuma take maƙwabtaka da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Isa Kaita, su ɗauki wannan a matsayin wani sashe na koyon aikin koyarwa, su kuma rubuta 'yar takarda da Hausa, shafi biyu ko uku, wadda za a ba yayye da malaman lesin, mai ɗauke da tambayoyin da za su yi wa yaro a kowane zango maimakon amsoshi. Ma'aikatan rigakafi da ke bin ƙauyuka da akwatin allura, waɗanda aka umarce su su tsare magani tsakanin digiri 2 da 8 ta hanyar fakitin ƙanƙara, su ma a gayyato su aji su nuna akwatin, su faɗi sa'o'in da yake ɗauka kafin ya huce, a ba ɗalibai nauyin ƙanƙarar da ke ciki su lissafa jul nawa ke kutsawa ta jikinsa a kowace daƙiƙa.